Sandar Tagulla a Falon Mme Puleng

Masego ce ta kawo maganar sandar, wata Lahadi cikin watan Oktoba. Shekara huɗu ke nan tana aikin jinya a Leeds ba ta taka gida ba. Abin da mahaifiyarta, Mme Puleng, wato Mama Puleng, take samu shi ne fuskarta a waya duk Lahadi bayan an tashi coci, fuskar da kan daskare da baki a buɗe idan sabis ya yi rauni.

"Mme, zan zo a Disamba. Sati uku."

Mme Puleng ta ajiye cokalin da take juya shayi da shi a hankali, kamar ƙararsa za ta kori maganar.

"Amma ki tsaya ki ji kafin ki fara auna fulawa. Akwai gasa a Cape Town ranar ashirin ga wata, na shiga, daga can kuma zan wuce Ingila. Dole in yi atisaye safe da yamma. Na samu ɗaki a unguwar Fourways kusa da inda ake koyarwa, can zan sauka. Duk Lahadi ina wurinki."

"Lahadi ai yanzu ma ina ganinki."

"Mme."

"Me ke can ɗin da babu a gidan ubanki?"

"Sanda."

"Sai me?"

"Sanda kawai, da filin juyawa."

"To, ki fasa ɗakin. Za ki tarar da sanda."

Masego ta yi dariya har hoton ya girgiza. "Ke da kike jagorar matan Alhamis a coci? Gwaggona, Rakgadi Kedibone, suma za ta yi."

"Ta suma. Akwai ruwa a famfo."

Tun shekararta ta biyu a Leeds Masego ta kama hawan sanda. Ƙarfe ne miƙaƙƙe daga daɓe zuwa silin, mutum ya hau da ƙarfin hannu da cinya, ya juya, ya rataye kai ƙasa da gwiwa ɗaya. A unguwarmu ta Kensington kowa ya san irin gidajen rawar daren da aka fara ganin wannan sanda, kowa kuma zai rantse a bakin wani ya ji. Su ne dai idan aka nuna 'yan mata suna alkafura a kan katako a talabijin za su kaɗa kai su ce horo ke nan. Mme Puleng ta koyar da lissafi shekara talatin da ɗaya, ba ta saba karɓar amsa don yawan masu faɗarta ba. Ta kalli bidiyon 'yarta ba adadi, abin da ta gani shi ne kafaɗu irin na mai ɗaukar buhu, da wata sakin fuska da rabon Masego da ita tun rasuwar babanta. Amma a faɗi gaskiya, ko da rawar banza ce da ta sayi sandar. Kwana goma sha tara take so, yarinyar tana kwana a ƙarƙashin rufinta, tana barin kofi a inda bai kamata ba.

Ranar Talata ta shiga tasi biyu zuwa wani bene a Edenvale, inda wata mata mai suna Yolande take koyarwa, take kuma sayar da kayan. Ta hau da hularta da jakarta a hammata, ta tarar da sanduna takwas a jere da mata cikin gajerun wanduna, ɗaya ma har da furfura. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ke rataye kai ƙasa, wadda ta amsa da ladabi daga inda take.

"Mama, ke za ki hau?" in ji Yolande.

"Ni da matakalar benenki ma da ƙyar. Ta 'yata ce."

"Silin ɗinku na kankare ne ko na kwali?"

"Na ƙarfe ne, mai furanni. Tsohon gida ne."

Yolande ta dafe goshi. "Waɗannan kyau kawai gare su, kaurin gwangwanin kifi ne. Sandar nan ba ƙusa ake buga mata ba, murɗa ta ake har ta tokare sama da ƙasa. In ba a sa ta daidai ƙarƙashin katakon rufi ba, ranar farko za ta huda furanninki ta leƙa wurin tantabaru. Tsayin ɗakin nawa?"

Mme Puleng ta ciro takarda. Wuri uku ta auna, don ta san gidan ya ɗan karkata. "Mita uku da santimita ashirin da biyu."

"Sai an ƙara mata guntu. Kauri fa? Akwai arba'in, akwai arba'in da biyar. Yaya girman hannunta?"

Nan ta tsaya. Ta san lambar takalmin Masego, ta san ranar da ta yi haƙorin farko, ta san ba ta cin albasa ɗanya. Ta buɗe nata tafin tana dubawa, tana neman tuna yadda hannun ya cika shi a filin jirgi ranar tafiya. Abin da ta tuna shi ne fasfo ne a hannun, ba ta samu ta riƙe shi ba.

"Yatsun babanta gare ta," ta ce a ƙarshe.

Yolande ba ta yi dariya ba. "Tura mata saƙo, Mama."

Amsa ta zo kafin ta mayar da wayar jaka. Arba'in da biyar, mai juyawa, ta tagulla in akwai, don hannuna na gumi. Mme, wai da gaske kike?

Mme Puleng ta mayar da wayar jaka. Ta sayi ta tagullar, da wata katifa mai kauri, zagayayya, mai rami a tsakiya don sandar ta ratsa, da littafi mai hotuna. Yolande ta rubuta mata sunayen malamai uku da bidiyonsu ke da amfani, ta ce sauran duk masu son a gan su ne. Sai kiɗa ya tashi, ɗalibai suka fara kiranta. Tana tafiya tana waiwaye ta ce, "Abu ɗaya, Mama, kullum a goge ta tsaf."

"'Yar nan, ni za ki koya wa goge-goge?"

Ranar Asabar maƙwabcinta Ntate Mokgethi, wato Baba Mokgethi, tsohon kafinta, ya shiga cikin rufi da tocila, ya fito da yanar gizo a gemu, ya ce katako mai ƙarfi ɗaya ne kawai, kuma ta tsakiyar falo ya bi. Aka janye teburi, aka naɗe darduma. Yana kan tsani yana murɗa kan sandar sai ga Kedibone, yayar marigayi mijin Mme Puleng, wadda ba ta taɓa buga ƙofar gidan nan ba tunda a ganinta na ƙaninta ne. MmaMasego take kiran Mme Puleng, wato uwar Masego, ita kuma ta ce mata Ausi, wato yaya.

"MmaMasego, falwaya kika kafa a falon ɗan'uwana? Saura a ja mata wayoyi."

"Zauna, Ausi, ga shayi."

"Alhamis ta sama a gidan nan mata za su yi addu'a. Me za ki ce musu?"

"Zan ce silin ne ke neman faɗowa, na tokare shi."

"Ba dai silin ɗin da ni na gyara ba," in ji Ntate Mokgethi daga sama. "Ki nemo wata ƙaryar, Mme, wannan ta taɓa sana'ata."

"Kai kuma, tsoho da kai, kana ɗaukar tiren baiko a coci, ka zo kana murɗa sandar 'yan mashaya."

"Ausi Kedibone, ni ƙarfe nake gani. Ke ce kika san inda ake aiki da shi."

Kedibone ta sha shayinta har ƙasa kafin ta ba da amsa, ba shi ta ba ma. "Ki rubuta ki ajiye, MmaMasego. Abin nan sai ya sa ki kuka."

Ntate Mokgethi ya sauko, ya kama sandar da hannu biyu, ya ɗaga ƙafafu ya yi lilo sau ɗaya, ya ce ko saniya aka ɗaure mata ba za ta motsa ba. Ya ninke ɗan littafin bayanin da ya zo cikin kwalin ya cusa a aljihun rigar aikinsa, ya tafi da shi.

Sati shida Mme Puleng tana karatu. Ta sayi sabon littafin rubutu, tana kallon bidiyon malaman nan uku tana rubuta sunan kowane juyi da ɗan zanensa a gefe, don idan Masego ta yi wani abu ta iya kiran sunansa, ba ta tsaya tana cewa ya yi kyau kamar baƙuwa ba. Ta gane me ya sa ake barin cinya a waje: fata ce ke kama ƙarfe, yadi zamewa yake. Ta lura kuma kowace malama kafin ta hau sai ta fesa wani abu a tsumma ta murza sandar daga sama har ƙasa. Wannan ya burge ta. Ta ce a ranta, ko ba komai iyayensu sun yi musu tarbiyya.

Da rana idan gidan ya yi shiru takan tsaya ta dafa sandar, ta ɗan tura ta, ta ji yadda take juyawa ba ƙara. Matan Alhamis sun zo, sun yi addu'a a kewaye da ita, wata ta rataya jakarta a tunanin ƙugiya za ta samu, jakar ta faɗi. Ba wadda ta tambaya.

Sai ƙarshen Nuwamba ya zo, lokacin da duk matar da ta san kanta a garin nan take kwance gidanta ta wanke. Aka sauke labule, aka wanke bango, aka shafa wa barandar waje jan mai har tana ɗaukar ido. Aka cika bokiti biyu da gasasshen biredin Kirsimeti, aka jiƙa citta don lemon sha. Da ta zo kan sandar sai ta ga ta dushe, ga shatin yatsun Ntate Mokgethi, ga nata. Mahaifiyar Mme Puleng ta yi shekara ashirin da takwas tana aikatau a gidajen Turawa a wannan layin, ta ƙofar baya take shiga, kuma abin da ta bar wa 'yarta gado shi ne yadda ake sa tagulla ta yi magana. Da farko man goge tagulla, a murza har tsumma ya yi baƙi. Sannan a bi da ɗan man daɓe, siriri, don kar iska ta sake dusar da ita. Haka ta yi, a kan tsani, da shekarunta sittin da bakwai. Bayan kwana biyu ta sake. Kafin daren jajibirin zuwan, ta ƙara na uku. Katifar kuwa ta bar ta cikin ledarta a bayan kujera, don za ta rufe katakon daɓen da ta sha wahalar gogewa, kuma sabon abu ai ba a buɗe shi sai mai shi ya zo.

Ntate Mokgethi ne ya kai su filin jirgi da motarsa, Kedibone a gaba. Masego ta fito tana tura kaya, ta fi yadda take a waya tsawo, ta fi faɗi a kafaɗa. Mme Puleng ta kama hannunta kafin komai. Ya fi nata girma, tafin da kanta kamar na mai noma. Ba ta sake shi ba har suka shiga mota.

Suna hawa babban titi Kedibone ta juyo ta ja damtsen Masego ta duba.

"Ke, fatar nan fa? Kamar wadda ta yi birgima a toka. Babu mai a Ingila, ko albashin ne bai kai ba?"

"Ba na shafawa, Rakgadi. Mai da sanda ba sa haɗuwa."

"Ji wata magana. 'Ya mace ba mai."

"Ko jiya na shafa, yau sai na zame. Sifirit kawai ake goge ta da shi. Wata a ajinmu ta karya kafaɗa, don wadda ta hau kafin ita ta shafa mai a hannu. Ɗan kaɗan fa."

Mme Puleng ta ji hannun da take riƙe da shi ya yi mata nauyi. Ashe abin da ke cikin kwalbar fesawar nan ke nan.

Daga filin jirgi zuwa Kensington minti ashirin da biyar ne idan hanya ta yi kyau, kuma ta yi kyau. Ta buɗe baki a wurin gadar farko, sai ta ga ƙeyar Kedibone, da hular da ke kanta a tsaye kamar tana jiran labarin. Ta ce a ranta, bari mu isa. Za ta ci abinci, ta shiga wanka, ni kuma in ɗora ruwan zafi in wanke ta da sabulu, ba wanda zai sani. Dabara ce mai kyau. Fitilar hanya ta tsayar da su sau huɗu, kowane tsayi ya isa a faɗi jimla ɗaya. Masego tana nuna shagunan da suka canza, tana tambayar wa ya mutu, wa ya yi aure.

A ƙofa Masego ta tuɓe takalma, ta shiga, ta tsaya. Rana ta shigo ta tagar yamma ta sauka a kan sandar, falon duk ya yi ruwan zinariya.

"Mme," ta ce a hankali. "Kin yi fa."

"Zo ki ci abinci tukuna."

"MmaMasego, tumbin nan naki na kamawa," Kedibone ta kira daga kicin.

"Masego, tukuna," in ji Mme Puleng, ta juya wajen ƙaurin. Tukuna kalma ce da uwa ke faɗa sau ɗari a rana, ba ɗan da ya taɓa tsayawa dominta.

Ba ta ga faɗuwar ba. Ntate Mokgethi da ke shigo da akwati shi ya gani: taku biyu, tsalle, hannu ɗaya ya kama can sama, jiki ya tashi zai zagaya, sai hannun ya sulluɓe kamar an fizge shi. Ƙarar da Mme Puleng ta ji daga kicin ba ta da girma. Da ta fito, Masego na zaune a kan katakon daɓe, ta rungume hannun hagu a ƙirji, ta kai tafin dama hanci tana shinshinawa. Ta ɗago ta dubi uwarta.

A asibiti suka ce ƙashin wuyan hannu ya tsage, aka naɗe shi da farin siminti, sati shida. Kedibone, wadda ta samu ranar da ta yi kusan wata biyu tana jira, ba ta ce na faɗa ba. Ta wanke tukwane, ta share kicin, ta tafi gida da wuri. Wannan ya fi zafi.

Ana yawan cewa zuciyar uwa abu ɗaya take so, alherin ɗanta. Masu faɗin haka yawanci 'ya'ya ne, ko iyayen da nasu ke zaune a layi na gaba.

Washegari da hantsi Mme Puleng ta kai shayi ɗakin Masego. Ta same ta zaune a bakin gado, akwatin na nan a rufe inda aka ajiye shi, wayarta a kan cinya.

"Na kira Cape Town, na janye," in ji Masego. "Na kira wurin aiki. Sun ce ba mai ɗaga majinyaci da hannu ɗaya, in zauna sai an cire."

Mme Puleng ta ajiye kofin.

"Man daɓe ne?"

"Na tagulla da farko. Sannan na daɓe a sama, don kar ta dushe. Sau uku."

"Sau uku." Masego ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Wata goma sha ɗaya ina shirya minti huɗu, Mme. Bayan aikin kwana nake zuwa, idona na rufewa."

"Na sani."

"Ba ki sani ba." Ta juya wayar ta kife ta. "A mota, da nake ba Rakgadi amsa, kin ji ni?"

"Na ji."

"Kin gane?"

"Tun kafin ki rufe baki."

"To me ya hana ki magana?"

Mme Puleng ta zauna a kujerar karatun Masego ta 'yan makaranta, wadda ta yi mata kaɗan. "Kunyar gwaggonki. Na ce in mun iso zan wanke ta ba wanda ya sani. Wannan na tabbata da shi." Ta gyara bakin zanen teburin da bai karkace ba. "Ko akwai wani abu a ƙarƙashinsa, tun jiya nake leƙawa ban ga ƙasan ba. Amma da likita ya ce sati shida, zuciyata ta yi tsalle kafin in kama ta. Gara ki ji wannan ma daga bakina."

Masego ta daɗe tana kallonta. A waje wani na tura keken kwalabe yana kira.

"Da kin ce min kawai in zauna."

"Da kin zauna?"

Masego ta dubi simintin hannunta, ta ɗan motsa yatsun da suka leƙo.

"A'a," ta ce.

Shayin ya daina tururi. Can Masego ta miƙa ƙafa ta turo akwatin gaban uwarta.

"Zip ɗin ba ya buɗuwa da hannu ɗaya."

Mme Puleng ta durƙusa ta buɗe. Ta riƙa ciro kayan ɗaya bayan ɗaya, tana kaɗewa, tana ratayewa a kabad ɗin da ta bari fanko shekara huɗu. Riguna, wanduna, rigar sanyin da ba za ta yi amfani a Disamba ba, tunda lokacin zafi ne a nan. Kabad ɗin ya fara cika. A can ƙasa hannunta ya taɓa wani abu a naɗe cikin farar takarda, gefensa ya leƙo, yadin rigar gasar ne, shuɗi, an jera masa ƙananan duwatsu masu ƙyalli da ɗinkin hannu, layi bai miƙe sosai ba.

"Wannan ki bar shi a ciki," in ji Masego, fuskarta na wajen taga.

Mme Puleng ta mayar da takardar yadda take, ta rufe akwatin, ta tura shi ƙarƙashin gado.

"Me za ki ci da rana?"

"Duk abin da kika dafa."

Ta ɗauki kofin don ta ɗumama shayin, ta fita, ta bar ƙofar a buɗe kaɗan yadda za ta riƙa jin motsinta daga kicin.